Tulun Kaka Sisiliya

A Ungwan Kyauro ba a taɓa tulun mace tana da rai. Ba tulun ruwa nake nufi ba, tulun kiɗa, wanda matan Zumunta ke bugawa a coci. Mace za ta rungume shi tsakanin cinyoyinta tana dukan bakinsa da faffaɗan soso, shi kuma yana ba da wata murya mai zurfi da ƙirji ke riga kunne ji. Kowace makaɗiya da nata. In ta kwanta ciwo, ko shekara za ta yi a kwance, tulunta na nan a kife a kusurwar coci, sauran mata su yi waƙarsu ba shi. Sai an binne ta ake wanke shi a miƙa wa wata. Ban san wanda ya kafa wannan doka ba. Na dai taso na tarar da ita, kuma na sha rankwashi a kanta ina yarinya.

Tulun kakata, Kaka Sisiliya, ko makaho ya laluba zai gane shi. Wuyansa ya taɓa tsagewa, ta ɗaure shi da waya, ta bi da ragowar shuɗin fentin da aka yi wa mutum-mutumin Uwa Maryamu mayafi da shi. Mata suka ce ta ɓata tulu. Ta ce su bari su ji muryarsa tukuna.

A hannunta na girma. Ƙauyenmu na can kudancin Kaduna, a shimfiɗe yake, ba dutse ba tudu, ciyawar gamba ce iyakar ganinka. In ka hango baƙo ya ɓullo daga hanyar kasuwa, sai ka ɗora masa ruwan tuwo ya tafasa kafin ya iso. Fada sau ɗaya yake zuwa mana a wata, a kan babur, kuma Kaka ce kullum ke fara hango shi. Sauran Lahadi katikis ne ke jan addu'a, Kaka na gyara masa karatu daga baya, ita da ko bihim ba ta iya karantawa ba. In Juma'ar farkon wata ta zo, takan ɗora takalmanta a ka ta taka har babban coci na cikin gari, sai ta kai ƙofa take sakawa. Mudun farko na accarta na Fada ne, ko da kuwa a shekarar fari ce. Mijinta ya rasu tana da sauran ƙuruciya, maza suka yi ta zarya, ta ce ta riga ta yi wa mutum ɗaya wanki, ya isa.

Kada a ɗauka waliyiya ce. Kaka tana da baki. Ta taɓa zagin mai awon citta har ya bar kasuwa da rana tsaka, ta dawo gida ta ɗauki carbinta kamar ba ita ba. Ni kuwa ba ta taɓa kirana Anita ba, sai dai ƙawata, ko in na ɓata mata rai, mai idon kwaɗayi.

'Ya'yanta duk sun bar mata Katolika. Mamata ta bi mijinta cocinsu, kawunnaina suka watse cikin sababbin coci-coci masu lasifika. Ni kaɗai na rage mata. Shi ya sa da na je sallama, lokacin da zan bi mijina Haggai zuwa Malesiya inda yake karatun digiri na uku, ta ja ni bayan rumbu inda take sheƙar acca.

“Ƙawata, zauna. In na mutu, waɗannan za su ɗinka anko, su ci shinkafa, su ce na tafi gida wurin Yesu. Ni na san halina. Bakin nan nawa ya yi ɓarna, sai an ɗan wanke ni kafin a bar ni in shiga. Su ba su yarda ana yi wa matacce addu'a ba. Ke ce za ki sa a yi mini Mas. Ranar da kika ji, kada ki tsaya kuka, kuka zai jira. Ki nemi Fada tukuna.”

Na ce, “Haba Kaka, ke da za ki binne mu duka.”

“Ki bar wasa. Kin yi alkawari?”

Na yi mata alkawari. Mu Katolika mun yarda cewa mai bi da ya mutu da 'yan laifuffukansa yakan tsaya a wurin tsarkakewa kafin ya ga fuskar Allah, kuma addu'ar masu rai, musamman Mas, tana rage masa zaman. Wani zai yi dariya. Kaka ba da dariya ta faɗa ba, ni ma ba da dariya na amsa ba.

A Setapak muke zaune, wata unguwa a Kuala Lumpur, can saman wani dogon bene da ɗaliban Afirka suka cika. Ciki biyu na yi suka zube. Ina ɗauke da na uku korona ta shigo, gwamnati ta kulle gari, aka ce maigida kaɗai ke da izinin fita cefane. Likita ta ce jinina ya hau, in guji tashin hankali. Daga nan Haggai ya zama ƙafata, ya zama kunnena. Shi ne kedai, wato shagon cefane, shi ne kantin magani. Ya ce labaran mace-macen da nake gani a Fesbuk ne ke tayar mini da jini, ya goge shi daga wayata da hannunsa, ni kuwa har da yi masa godiya.

Ana saura kwanaki Ista ƙanena Noah ya kira daga Kaduna ya ce Kaka ba ta jin daɗi, zazzaɓi ne da tari. Kaka ba ta da waya. In ana son jin muryarta, sai Noah ya je ƙauye ya kai ta gindin ɗorawar makarantar firamare inda sabis ke ɗan kamawa. Na ce ya je. Ya ce an rufe hanyoyi. Da aka buɗe hanyoyi, ya ce damina ta cinye gada. Da aka gyara gada, ya ce ya je, amma kunnen Kaka ya yi nauyi, waya wahalar da ita take yi. Saƙo dai bai taɓa yankewa ba. “Kaka na gaishe ki. Ta ce ki kula da kanki, Allah ya raba lafiya.”

Yanzu in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Kaka Sisiliya ce za ta ce in kula da kaina? Matar da in ta ga mai ciki sai ta ce ta rage haɗama kada ɗa ya ƙi fita? Amma mai son jin labari mai daɗi ba ya tsananta tambaya, kuma ni a lokacin tsoro ya cika mini ciki fiye da ɗan da ke cikinsa.

Abin da na iya yi shi ne addu'a. An rufe coci-coci, cocinmu na Brickfields ya koma yin Mas ta intanet. Duk mako nakan kira matar da ke ofishin coci in ce a sa sunan kakata cikin marasa lafiya. Ranar Lahadi in shimfiɗa zane a falo, in jingina kwamfuta da tukunyar shinkafa, in durƙusa iya yadda ciki ya bar ni. Fadan, wani dattijo Ba'indiye, yakan karanto sunan a hankali, yana roƙa mata sauƙi. Haggai ba Katolika ba ne, tun da muka yi aure bai taɓa bina Mas ba. Amma daga bayan Ista sai ya fara zuwa yana durƙusawa kusa da ni. In an kira sunan Kaka, amin ɗinsa ta fi tawa ƙarfi. Na riƙa cewa a raina, lallai na yi dacen miji.

A watan Satumba na haihu, mace, lafiyayya. Tun farkon cikin Haggai ya kafe sunan mahaifiyarsa za a sa. Ranar da na ce ina son a kira ta Sisiliya, ko musu bai yi ba, ya ce sunan ya yi. Noah ya aiko cewa da Kaka ta ji an yi mata takwara, har tashi ta yi ta taka rawa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma nasu ya yi zurfi, don sai da ya kai su Nuwamba. A farkon watan ne muke tunawa da matattu, a share kaburbura, a kunna kyandir, Fada ya bi yana yayyafa ruwa mai tsarki. An sake taƙaita fita a Kuala Lumpur. Ran nan da rana ana ruwa, Haggai ya sauka ya yi mana tapau, wato ya sayo mana abinci a leda, a wurin mamak, mai sayar da abinci na unguwarmu. Maƙwabciyata Nuriyya, 'yar Kano da muke kira Maman Adnan, ta shigo da takunkuminta ta kawo mini kunun gyaɗa, ta karɓi jaririyar tana jijjigawa. Hannuna ya samu sarari, na ce bari in mayar da Fesbuk ɗin nan, ai na sauka lafiya.

Ban yi nisa ba na ci karo da bidiyon da matasan cocin ƙauyenmu suka ɗora. Ga filin nan namu, ciyawa ta fara ja. Ga matan Zumunta da zanensu iri ɗaya, sun zauna a benci a bakin maƙabarta suna waƙa. Na ƙara murya ina murmushi, ina neman fuskokin da na sani. Kafin idona ya kai, ƙirjina ya riga ya ji muryar. Mai ɗaukar hoton ya juya, sai ga tulu mai shuɗin wuya ɗaure da waya, a tsakanin cinyoyin Mama Larai, matar katikis.

Na tsayar da hoton. Na buɗe shi da yatsu biyu har ya dushe. Shi ne.

“Maman Sisi, lafiya?” in ji Nuriyya.

Na juya mata wayar. “Tulun kakata ne a hannun wata.”

“To ko aro ta yi, tunda Kaka ba ta da lafiya?”

“Ba a aro. A garinmu ba a taɓa shi sai mai shi ta mutu.”

Na zaci za ta ce in kwantar da hankalina. Sai ta sunkuyar da kai tana gyara wa jaririyar hula, hular da ba abin da ya same ta. Gani ya kori ji.

“Ke ma kin sani,” na ce.

“Wallahi tun azumi Baban Adnan ya gaya mini. Mijinki ne ya roƙe mu. Na ce musu ba daidai ba ne, mu ma muna yi wa mamatanmu addu'a da sadaka, na san abin da ake hana ki. Sau nawa ina zuwa da niyyar faɗa, in na kalli cikin sai bakina ya mutu. Ki yafe mini.”

Tun azumi. Wato duk kunun da na sha, duk sannun da aka yi mini a lif, kallon marainiya ake yi mini ni kaɗai ban sani ba. Na kira Noah, lokacin gari bai daɗe da wayewa ba a gida.

“Yaya Anita, ya baby?”

“Wa ya ba Mama Larai tulun Kaka?”

Ina jin zakara na cara a bayansa.

“Noah, da kai nake.”

Sai ya fashe da kuka, ƙaton namiji. Ya ce Mama ce ta hana. Ta ce ba a gaya wa mai ciki mutuwa, balle wadda ta yi ɓari biyu, balle wadda ke bayan duniya ba uwa ba dangi. Ya ce tarin ne ya ci ƙarfinta. Ba a samu Fada ba saboda kulle, katikis ne ya yi addu'a, mutane kaɗan suka binne ta a ranar.

“Kana wurin?”

“Ina wurin. Ta bayan gari na bi da babur, ni da Mama.”

“Ta yi magana?”

“Yaya, please.”

“Ta yi magana?”

“Ta tambaya ko an gaya miki jikin ya yi tsanani. Ta ce ke za ki sa a yi mata Mas.”

“Kuka ce mata me?”

“Mama ta ce mata an gaya miki, kin ce kada ta damu.”

“Sai ta ce me?”

“Ta ce to shi ke nan, ƙawata ba ta saɓa alkawari. Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba.”

Na kashe wayar. Ban yi kuka ba. Sun yi mini ƙarya ina da rai, wannan da sauƙi. Amma sun yi wa tsohuwa ƙarya tana kan gargara, ta rufe ido da sunana a bakinta, ta tafi tana jiran abin da ban ma san ana jira ba. Ni kuwa ina nan wata da watanni ina roƙa wa gawa sauƙin tari.

Nuriyya ta kwantar da jaririyar ta fita sum-sum. Ba a jima ba Haggai ya shigo da leda biyu, rigarsa a jiƙe, yana cire takunkumi.

“Dear, layi ne a wurin mamak ɗin nan kamar ana rabon kyauta. Makan lah, zo ki ci tun da zafi.”

Na ajiye masa wayar a kan tebur, hoton tulun na nan a tsaye. Ya kalla bai gane komai ba, don shi ba ɗan garinmu ba ne. Sai ya kalli fuskata, a nan ya gane. Ya ajiye ledojin a ƙasa.

“Wa ya gaya miki?”

“Tambayar da za ka yi ke nan?”

“Anita, ki saurare ni. Kin ji abin da doctor ta ce. Mun rasa biyu. Mama ta kira ni tana kuka, ta ce in na gaya miki wani abu ya samu cikin nan, ba za ta yafe mini ba. Ko a garinmu haka ake yi. Me kike so in yi?”

“Na haihu tun Satumba.”

“Mama ta ce a bari ki yi arba'in.”

“Na yi arba'in.”

“Ina neman yadda zan fara ne. Kullum in na buɗe baki sai in ga kina dariya da baby.”

Gaskiya ne ya ji tsoro, na sani, ni ma na ji. Da a nan ya tsaya, wataƙila da zuciyata ta sauko a ranar. Amma ya matso ya dafa kafaɗata, ya sassauta murya irin ta masu wa'azi.

“Kuma Dear, Kaka tana wurin Yesu tun ranar. She's fine. Ba abin da ta rasa.”

Na ture hannunsa.

“Ka san alkawarin da na yi mata?”

“Kin taɓa faɗa mini.”

“Lambar ofishin coci na cikin wayarka, kai kake kira mini in na gaji. Ka ɓoye mini, na ji, ka ce don ɗanka ne. Me ya hana ka kira su a ɓoye ka ce a yi wa Sisiliya Mas, ta rasu? Ba sai na sani ba. Minti nawa zai ɗauke ka a layin mamak? Da ka yi haka, wallahi yau da na durƙusa na gode maka.”

A fuskarsa na ga amsar: abin bai taɓa zuwa masa a rai ba. A wurinsa alkawarin nan rigimar tsofaffi ce, irin abin da ake cewa to don a zauna lafiya. Shekara shida muna kwana ɗaki ɗaya, ashe abin da na ɗauka da nauyi shi kallon wasan yara yake yi masa.

“Kuma ka durƙusa kusa da ni,” na ce. “Kana cewa amin.”

“Ina yi miki addu'a ne, ke.”

“Sunanta ake kira, ba nawa ba.”

Jaririyar ta motsa ta fara ƙananan kuka. Ya nufi wurinta, na riga shi. Na saɓa ta a kafaɗa, na ɗauki waya da ɗaya hannun. Kaka ta ce in nemi Fada tukuna, kuka zai jira. Na kira ofishin coci. Matar ta gane muryata, ta tambaya da fara'a ko a sake sa kakata cikin marasa lafiya. Na ce a'a, a mayar da ita cikin waɗanda suka rasu, kuma ina son a yi mata Mas. Ta yi mini ta'aziyya, ta ce Fada zai so ya san ranar da ta rasu.

Na tsaya riƙe da waya. Ban sani ba. Matar da ta goya ni, ta yi mini kitso, ta koya mini riƙe carbi, ban san ranar mutuwarta ba. A gaggauce ban tambayi Noah ba.

“Alhamis ɗin bayan Ista,” in ji Haggai daga bakin ƙofar kicin. Ko tunani bai tsaya yi ba.

Na maimaita wa matar, ta rubuta, muka yi sallama.

Na tuna Alhamis ɗin, don ranar ce ya dawo daga cefane da mangwaro cike da leda, abin da na yi mako ina kwaɗayi. Ranar ce kuma ya goge mini Fesbuk. Na sha mangwaro har ya gangaro mini a gwiwar hannu, daɗi ya kama ni, na kife bokitin wanki ina buga masa kiɗan Zumunta irin na Kaka, ina juya ƙugu da ɗan cikina. Shi kuma yana zaune a kan kujera yana tafa mini.

Ranar Lahadi na shimfiɗa zane a falo, na jingina kwamfuta da tukunyar shinkafa, na kwantar da Sisi a gabana. Haggai ya fito daga ɗaki ya tsaya, sannan ya zo zai durƙusa a inda ya saba.

“Tashi,” na ce.

Ya tashi. Fada ya karanto marasa lafiya, babu ita. Ya juya takarda ya shiga waɗanda suka riga mu, ya kira Sisiliya a hankali kamar yadda ya saba, ya roƙa mata hutawa ta har abada. Na ce amin ni kaɗai. Sai a lokacin kukan ya zo.